Darasi na 7: Idan Garwashi Ya Cika Murhu a Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi kan sauka a Zariya, tun daga cikin Birni har Samaru, ya fi tsanani da asuba. A wannan lokaci murhu ba ya hutawa. A ɗora ruwan alwala, a ɗora na wanka, a dama koko, yara kuma su zagaye wuta suna jin ɗumi. Duk wanda ya zo sai ya tura itace. Kafin hantsi garwashi ya cika murhu har yana neman taɓa gindin tukunya, amma ruwa ya ƙi tafasa, hayaƙi sai ƙaruwa yake yi.

Me ya jawo haka? Harshen wuta ne ke saurin dafa abinci. Idan ya faɗa, sai garwashi ya rage, shi kuwa a hankali yake cinyewa, kuma sai da iska. In aka ƙara sabon itace tun garwashin bai cinye ba, an danne shi ke nan. Toka ta lulluɓe shi, hanyar iska ta toshe. Itace mai nauyi irin ƙirya da marke ya fi tara garwashi. Ɗanyen itace kuma yana sanyaya wuta, ya ƙara hayaƙi.

Maganin farko shi ne ku dakata da ƙara itace, ko da sanyi ya matsa. Ku sa ƙarfe ku yaye tokar da ke ƙasa, ku janyo garwashin zuwa bakin murhu inda iska ke shiga. Ku ɗora masa busassun ƙirare ko karan dawa biyu ko uku, ku fifita da mafici. Kara yana ci da sauri, yana jawo iska, ba ya barin garwashi mai yawa. Za ku ga garwashin ya yi ja, tulin yana raguwa. Mai murhun ƙarfe ko na laka da ke da ƙofar iska, ya buɗe ta gaba ɗaya. Sai tulin ya sauka sannan a koma wa babban itace.

In ana sauri, a kwashi rabin garwashin da shebur, a zuba a tsohuwar tukunyar ƙarfe, a rufe da murfi ruf. Da ya rasa iska zai mutu ya zama gawayi, a yi guga da shi ko a dafa shayi a kurfoti. Kuɗi ne wannan, bai kamata a zubar ba. Kada a kwara ruwa cikin murhun laka yana da zafi, domin yana iya tsagewa, tururi da toka kuma su taso wa mutum a fuska.

Ina roƙonku da babbar murya a kan abu ɗaya: kada ku shiga ɗaki da kaskon garwashi ku rufe ƙofa da taga ku kwanta. Garwashi yana fitar da iska mai guba, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda ya ji haka, a fito da shi waje nan take, a buɗe ɗakin, a kai shi asibiti mafi kusa.

Toka ma tana ɓoye wuta har washegari. Kada a zuba ta a roba ko kwali, ko kusa da zana da dangar kara, domin iskar hunturu na iya hura ta ta zama gobara. A yayyafa mata ruwa a waje kafin a zubar.

Aikin gida: ku rubuta sunan itacen da kuke amfani da shi a gida, da alamomi uku na iskar garwashi mai guba. Ku zo da shi darasi na gaba, za mu karanta tare.