Yadda Za Ka Ziyarci Ejisu Daga Kumasi Ka San Tarihinta

Yawancin mutanen unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun san Ejisu ne ta tagar mota kawai, domin gari ne da ake ratsawa a kan hanyar Accra, kimanin kilomita 20 gabas da Kumasi. Ina ganin wannan asara ce, ganin cewa daga wannan ƙaramin gari aka ɗaura ɗamarar yaƙin ƙarshe da Tonawa, wato mutanen Asante, suka gwabza da Turawan Ingila. Wuni ɗaya ya isa mutum ya zagaya, muddin ya tsara tafiyarsa.

Ka fita da sassafe kafin cunkoso ya tsananta. Daga mahaɗar Anloga ko ta Tech za ka sami turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, mai zuwa Ejisu, wadda za ta bi da kai ta Oduom da Fumesua da Kwamo. Ka riƙe canjin sidi a aljihu, saboda akwai ƙananan motoci da za ka sake shiga zuwa ƙauyukan kewaye. Akwai zango a garin, don haka masallaci da abincin halal ba za su gagare ka ba.

Kafin ka taka ƙafa, ya kamata ka san abin da ya ɗaukaka sunan garin. A shekarar 1896 Turawa suka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa tare da wasu sarakuna, ciki har da sarkin Ejisu, sai ragamar garin ta koma hannun uwar sarauta, Yaa Asantewaa. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Tonawa ke ɗauka a matsayin ruhin al'ummarsu, kujerar da ko sarkinsu ba ya zama a kanta. Wannan cin fuska ne ya sa dattijuwar ta zaburar da maza, aka yi wa sansanin Turawa na Kumasi ƙawanya har tsawon watanni. Daga baya an kama ta, aka kai ta tsibiran Seychelles, inda ta rasu a 1921, shekara uku kafin a bar Prempeh ya dawo gida.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye, kuma bai dace mu kau da kai daga gare shi ba. Sojojin da suka tsare wa Turawa sansanin, a takardun mulkin mallaka “Hausa” ake kiransu, ko da yake an ɗebo su ne daga kabilu daban-daban na arewa, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Saboda haka Bahaushen da ya je Ejisu ya je da ladabi da kunnen sauraro, yana sane da cewa sunan mutanensa yana cikin tarihin nan ta ɗaya gefen. Wanda yake son ya ga sansanin, yana nan a tsakiyar Kumasi, an mayar da shi gidan tarihin sojoji.

Wuri na farko da za ka nufa shi ne Besease, dab da Ejisu, inda akwai tsohon ɗakin bautar gargajiya, ɗaya daga cikin gine-ginen Asante da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980. Ginin ƙasa ne mai ɗakuna huɗu da suka kewaye tsakar gida, na makaɗa, na mawaƙa, na masu girki, sai na huɗun da ake ajiye kayan bauta. Ka tsaya ka dubi bangon da kyau: ƙasansa jar ƙasa ce da aka goge har tana sheƙi, samansa fari, an yi masa zāne mai tudu na tsuntsaye da dabbobi da alamomin da kowace ke ɗauke da karin magana. Duk wanda ya taɓa ganin adon bangon tsofaffin gidajen Kano ko Zariya zai gane cewa magina ne masu tunani iri ɗaya, suna sa laka ta yi magana. Ka gai da mai kula da wurin tukuna, “maakye” da safe, “medaase” don godiya, ka miƙa komai da hannun dama, kuma kada ka ɗauki hoto sai an ba ka izini. Musulmi ba ya bukatar shiga cikin wata al'adar bauta kafin ya kalli gini. Idan ka faɗi haka cikin mutunci za a fahimce ka.

Bayan azahar sai ka shiga mota zuwa Bonwire, garin masaƙan kente. Za ka tarar da maza zaune a masaƙa suna jefa ƙoshiya, suna fitar da ƙyalle siriri mai faɗin kusan inci huɗu, wanda ake haɗawa a ɗinke ya zama zane guda, kamar dai yadda ake haɗa saƙi a ƙasar Hausa. Kowane zubi yana da sunansa da ma'anarsa, don haka ka tambaya kafin ka taya. Idan za ka saya, ka juya bayan zanen ka nemi ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen, ka kuma shafa ka ji kaurin zaren, domin na kamfani bugawa aka yi, shafal yake, launinsa ma ya fi ƙarfi a fuska ɗaya. Farashin na hannu yana da nauyi saboda aikin makonni ne, kuma ciniki a gaban wanda ya saƙa ya fi a kasuwar Kejetia daɗi. Ka yi ƙoƙari ka kama hanyar gida kafin la'asar sakaliya, lokacin da motoci ke fara cushewa daga Oduom zuwa Tech.