Rautarka makulli biyu gare ta, ga yadda za ka canza na biyun

Yawancin mutane da sun sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta wayfai, sai su canza fasawod ɗin wayfai su ce shikenan an gama. To ba a gama ba fa. Makulli biyu ne a jikin na'urar nan, akwai wanda kake ba baƙo ya hau intanet, akwai kuma na shiga saitin rautar kanta, kuma wannan na biyun shi ne babba, duk wanda ya riƙe shi zai iya canza na farkon, ya ga wayoyin da ke kan layinka, har ya taɓa DNS, wato tsarin da ke kai ka shafin da ka rubuta sunansa, ya riƙa tura ka shafin bogi kana ganin kamar na bankinka ne.

Ka juya rautar ka duba bayanta ko ƙasanta, akwai 'yar takarda a manne mai ɗauke da adireshi da suna da fasawod. Ka hau wayfai ɗinta, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ƙananan na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Idan ka sa admin a wajen suna admin a wajen fasawod ta buɗe maka, to wallahi haka za ta buɗe wa kowa. Nan take ka canza wannan fasawod ɗin, kuma kar ka sa iri ɗaya da na wayfai.

Kar ka ɗauka tsoratarwa ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana gwada sunaye da fasawod kusan 60 irin waɗanda kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta, da haka kawai ta kame kyamarori da rautoci dubu ɗaruruwa, a watan Oktoban shekarar aka juya su kan kamfanin Dyn mai hidimar DNS, mutane da yawa a Amurka suka kasa buɗe Twitter da Netflix. Masu na'urorin ma ba su san da su ake aikin ba, abin da ya fi ba ni takaici kenan.

Daga nan ka shiga saitin wayfai. A wajen zaɓen nau'in tsaro, idan akwai WPA3 ka zaɓe shi, tun 2018 ya fito, in tsohuwar wayarka ta ƙi hawa sai ka koma WPA2. WEP kam ko kallonsa kar ka yi, cikin mintuna ake fasa shi. Fasawod ɗin ya yi tsawo, ƙa'ida dai daga harafi 8 ne zuwa 63, ni shawarata ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ya fi lambar wayarka ko ranar haihuwarka nesa ba kusa ba.

Sai WPS, wannan ka kashe shi kawai. Lambobi 8 ne ake sawa a hau ba tare da fasawod ba, a ƙarshen 2011 aka gano cewa rauta na duba rabin farko daban rabi na biyu daban, ga shi lambar ƙarshe lissafo ta ake yi daga sauran, sai ya zama gwaji wajen 11,000 ya isa maimakon miliyoyi. Ka yi dogon fasawod ka bar WPS a kunne, ka kulle ƙofa ne ka bar taga.

Ɓoye sunan wayfai kuwa ɓata lokaci ne, mai nema zai gan shi.

In rautarka na da layin baƙi ka kunna, ka ɗora baƙi da talabijin da kyamara a kai, kwamfutarka da wayarka su zauna a babban layi. Ka duba wajen sabunta manhajar rautar ka danna, amma don Allah kar ka cire wuta tana tsakiyar yi, tana iya mutuwa gaba ɗaya. Saitin shiga rauta daga nesa ma ka kashe in ba amfani kake da shi ba.

Sabon fasawod ɗin ka rubuta a takarda ka adana. In ya ɓace akwai ɗan rami a bayan rautar, ka sa tsinke ka danne kamar daƙiƙa 10 za ta koma yadda ta zo daga kamfani, har da tsohon fasawod ɗin, sai ka sake bin matakan nan daga farko.