Yadda ɗalibin Fizis zai nemi yin aikin bincikensa a CERT

Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda kowa ke kira CERT, ita ke da na'urar nukiliya ta bincike NIRR-1. Ƙirar China ce, ta fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa.

Da farko ka zauna da malamin da ke duba aikinka, ku tsayar da tambaya guda. "Ina son aiki a kan nukiliya" ba maudu'i ba ne. Auna sinadaran da ke cikin ƙasar fadamar kogin Kubanni da ke Zariya, wannan ya zama maudu'i.

Sai ka rubuta shafi biyu na abin da za ka yi, ka karɓi takarda daga shugaban sashenku, ka kai CERT da kanka. Ka tambayi kuɗin awo da lokacin da layi zai zo kanka.

Haɗa samfur, wato ƙasar da za a auna, shi ne wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ka shanya ƙasar ta bushe ƙarau, ka daka, ka tankaɗe, kowane ƙulli da lambarsa da wurin da aka ɗebo shi. Kada ka taɓa da hannu, gishirin zufarka ma zai fito a awo. A CERT za a harbi samfurin da niyutron (ƙananan ƙwayoyin da na'urar nukiliyar ke fitarwa), sannan a ƙirga hasken gamma (haske marar ganuwa) da yake fitarwa, wanda ke nuna sinadaran da ke cikinsa.

Ka fara tun zangon farko, kafin layi ya yi tsawo.