Yadda za ka yi sharhin kashin da ya ruɗa ka ba tare da ka ƙona wa mutane labari ba

Ka gama kallon sabon kashi na fim ɗin kimiyya mai dogon zango, kai ya ɗau zafi, hannu har ƙaiƙayi yake ka antaya saƙo a guruf ɗin WhatsApp. Dakata tukuna malam.

Fara duba agogo. Netflix yawanci sha biyun dare agogon Kalifoniya suke sakin sabon abu, a nan Saudiyya ya kama ƙarfe 10 na safe, lokacin sanyi kuma 11. A lokacin direban gida yana kan titin Jidda, mai shago a Shara Mansur ta Makka yana fama da masu ciniki, 'yan uwa na Kano da Damagaram kuma mun riga su da awa 2 ga matsalar wuta ga data. To ka haɗiye maganarka zuwa daren Alhamis tunda Juma'a da Asabar hutu ne, kowa ya samu ya kalla.

In za ka tura, rubuta sunan fim da zango da lambar kashi a sama, sannan saƙon muryarka ya biyo baya. Kuma kar ka jera ta a ƙarƙashin muryar wani, WhatsApp in ya gama kunna ɗaya kai tsaye yake zarcewa ta gaba, bawan Allah yana sauraron gaisuwa sai kawai ya ji wane ya mutu.

Sai sharhin kansa, nan ne mutane suke kwafsawa wallahi. Ba labarin za ka sake ba mu daga farko ba, mu ma mun gani. Ɗauki waje ɗaya da ya taɓa ka, faɗi mintin da yake, ka ce me ya sa. Kuma ka auna shi da dokar da fim ɗin ya kafa wa kansa, ba ka tsaya kana "ai wannan ƙarya ce" ba, to da wa ya ce maka labaran duniya kake kallo? Misali Dark na Jamus da ya fito a 2017, a zangon farko kogon garin Winden tsallen shekara 33 yake yi da mutum, 1953 da 1986 da 2019, in wani kashi ya kauce wa wannan sai ka tambaya kuskure ne ko da gangan marubutan suka yi. Irin wannan fim ɗin ma gara ka zana wa ya haifi wa a takarda kafin ka buɗe baki, mutum ɗaya ne kake ganinsa yaro da magidanci da tsoho.

In fassarar Larabci kake bi a ƙasa, maimaita wajen kafin ka zargi fim ɗin, wani lokacin rubutun ne ya wuce da sauri.

Hasashe kuma ka ce hasashe ne. Wanda ya leƙa intanet ya karanto ƙarshe ya dawo yana "ni dai jikina na ba ni", admin ya fitar da shi har a gama zangon.