Yadda ake barin jita mai feda ta koyo a koma ta ƙwararru a Damagaram

Duk wanda ya daɗe zaune gaban jita mai feda ta ƴan koyo, akwai ranar da kunnensa zai wuce kayansa. Ka ji sauti a ranka, ƙafa da gwiwa sun san inda za su, amma jitar ba ta da shi. Wanda ya kai nan nake yi wa wannan rubutu. Kuma tun da fari zan faɗi ra'ayina: a Damagaram, jitar da ta dace da kai ita ce wadda za ka iya gyarawa da hannunka. Daga Birni har Zango, ka zaga Kasuwar Dole kaf, ba za ka sami mai gyaran wannan kaya ba. Duk shawarar da ke ƙasa daga nan ta taso.

Kayan nan, wanda a kasuwar duniya za ka same shi da sunan pedal steel, asalinsa tsibirin Hawai ne, inda Joseph Kekuku ya shahara da goga ƙarfe a kan tsirkiya a ƙarshen ƙarni na 19. A Amurka aka ƙara masa feda, wadda ake takawa ta ja tsirkiya ta sauya sautinta, kuma a 1953 makaɗi Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya tana cikin ƙara, sautin ya lanƙwasa kamar yadda goge ke jan murya. Tun daga nan aka bi wannan salo. Nan kusa da mu, Demola Adepoju ya kaɗa ta a ƙungiyar King Sunny Ade a Najeriya, don haka ba baƙuwa ba ce ga kiɗan Afirka ta Yamma.

Matakin farko: tabbatar jitar ce ta gaza

Kafin ka taɓa kuɗinka, gwada tsohuwar. Haɗa na'urar saiti mai nuna santi, wato kashi ɗaya cikin 100 na rabin murya. Saita tsirkiya ta 4 daidai a kan E, wadda mu da muka saba da do, re, mi muke kira mi. Taka fedoji biyun da ake kira A da B tare, idonka a kan allurar na'urar. Tsirkiya ta 4 ba ta cikin waɗanda fedojin nan ke ja, duk da haka za ka ga allurar ta ɗan sauka, saboda gangar jitar tana ɗan lanƙwasawa idan an ja ta. Kowace jita tana yin haka kaɗan. Idan taka tana sauka har kunne ya ji ba sai an duba allura ba, wannan iyakar jitar ce, ba laifin hannunka ba.

Sai gwaji na biyu. Tura libar da ke sauke E, wato ɗan ƙarfen da ake turawa da gwiwa, ka sake ta, ka duba ko tsirkiyar ta koma inda take. Maimaita sau da yawa. Lura kuma ko jitar tana tafiya gefe duk lokacin da ka tura liba da ƙarfi, abin da ke yawan faruwa da marasa nauyi.

Babban dalilin sauyi shi ne tsarin jan tsirkiya. Jitocin koyo irin su Carter Starter, wadda aka daina ƙerawa, da Stage One, suna zuwa da feda 3 da liba 4 a kafe, ba a yi su don a sauya wace feda ke jan wace tsirkiya ba. Tsohuwar Sho-Bud Maverick ma liba ɗaya ce da ita. Idan har yanzu ba ka ƙure abin da jitarka ke iya yi ba, ka dakata, ka sayi sababbin tsirkiyoyi da fedar ƙara mai kyau, wato wadda ke ƙara ƙarfin sauti ko rage shi, ka ci gaba da atisaye. Ba abin kunya ba ne, kuma kuɗin zai jira ka.

Mataki na biyu: rubuta tsarinka a takarda

Nan ne mutane ke gaggawa, kuma nan ya kamata a zauna. Ja layi goma na tsirkiyoyi, ka yi ginshiƙi ga kowace feda da kowace liba. A saitin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira E9, tsirkiyoyin daga ta 1 zuwa ta 10 su ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda A tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#. Feda B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. Feda C tana ɗaga ta 4 zuwa F#, ta 5 zuwa C#. A libobi, guda biyu ne ba a yi ba su: mai ɗaga E biyun nan, ta 4 da ta 8, zuwa F, da mai sauke su zuwa D#. Rubuta wace gwiwa ce ke yin kowanne a jitarka ta yanzu, da kuma ɓangaren da take turawa, domin jikinka ya riga ya haddace, kuma sabuwar ya kamata ta zo a haka. Haka ma jerin fedoji: akwai jerin makaɗi Buddy Emmons, A, B, C daga hagu, akwai na makaɗi Jimmy Day da ke juya su. Tambayi mai sayarwa wanne ne, kada ka ɗauka.

Ga abin da nake so kowane makaɗi na wajenmu ya lura da shi. Yawancin kiɗanmu a kan sauti biyar yake tafiya. A E9, ba tare da ka motsa ƙarfen hannunka ba, kana da E, F#, G# da B a buɗe, feda A kuma ta ba ka C#. Sautin biyar ke nan sun cika da feda ɗaya tak. Ma'ana, wanda zai raka mawaƙin Hausa a biki ko a situdiyo ba ya buƙatar tarin fedoji. Abin da yake buƙata shi ne fedar da ke tafiya sumul, ta tsaya inda aka ce ta tsaya, don ya iya taka rabi ya ja sautin a hankali. Idan za ka ƙara wani abu a takardarka, ka ƙara liba ta biyar, ka tabbata kuma ka san waƙar da za ka yi amfani da ita a ciki.

Mataki na uku: zaɓen jiki da inji

Akwai S-10 mai wuya ɗaya, wato jeri ɗaya na tsirkiya goma, akwai SD-10 mai wuya ɗaya a kan faffaɗan jiki da matashin ɗora hannu, akwai D-10 mai wuya biyu, ɗaya a saitin E9, ɗaya a wani saitin da ake kira C6, galibi da feda 8, sai mai tsirkiya 12 da ke haɗa saiti biyun a wuya ɗaya. Wuyan C6 na masu kiɗan jaz ne da makamantansa. D-10 a cikin akwatinta tana kai kilo 30 ko kusa da haka, kuma kai ne za ka riƙa ɗora ta a adaidaita duk inda aka gayyace ka. Ni SD-10 nake ba da shawara: tana da nauyin da ke hana ta yawo, ƙarƙashinta kuma da sarari, hannu yana shiga.

Injin da ke ƙarshen dama, inda tsirkiyoyi ke maƙale a kan yatsun ƙarfe, shi ne zuciyar al'amarin. Tsofaffin jitocin kamfanin Emmons na shekarun 1960 da 1970 suna da inji mai turawa da ja, kuma masana na yaba muryarsu matuƙa. Amma saita su sai wanda ya ƙware, kuma ba mu da shi a kusa. Nemi inji mai ja zalla, irin wanda Mullen, MSA, Williams da GFI ke ƙerawa a yau, wanda kowane yatsa ke da ramuka na ɗagawa da na saukewa. Da shi za ka iya cire sandar da ke jan yatsa daga wannan rami ka mai da ita wancan, ka sauya tsarinka da yamma ɗaya.

Batun fatar jiki kuwa, ɗauki mai rufin fomika ka bar mai fentin sheƙi. Zafin watan Afrilu da Mayu, da bushewar hunturu, ba sa raga wa fenti. Na'urar ɗaukar sauti ma, irin mai naɗi biyu ta fi jure gurnanin kuran, musamman inda ake kiɗa da wutar guruf.

Mataki na huɗu: ciniki daga nesa

Sabuwar jitar ƙwararru a yawancin kamfanoni tana da tsada sosai, kuma sau da yawa sai an jira watanni kafin a ƙera. Ta hannu ta fi sauƙi, amma kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi hoton ƙarƙashinta a fili, ba na samanta kawai ba. Nemi bidiyo inda mai ita ke taka kowace feda da kowace liba da na'urar saiti a gaba. Ka sa a nuna maka saman yatsun inji kusa da kusa: idan tsirkiya ta ci rami a kansu, za ka riƙa jin wani zizar da ba ya tafiya. Tambayi tsawon ƙafafunta daga ƙasa, ka gwada da naka zaman, domin dogon mutum gwiwarsa ba za ta shiga ba sai an ƙara wa ƙafafu da sandunan feda tsawo. Idan daga Turai ce, lissafi ya fi sauƙi, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne a kafe. Ka sa kuɗin jirgi da na duwan a lissafi tun kafin ka ce ka saya.

Kafin a rufe akwatin, ka roƙi mai sayarwa ya cusa guntayen katako tsakanin jitar da shingen da ke raba ta da ma'ajiyar ƙafafu. Idan akwati ya faɗi a hanya, nauyin jitar ne ke karya wannan shinge. Kayan da zai sauka Yamai ya sake yin tafiyar kusan kilomita 900 a mota, ko ya biyo ta Kano da Matamaye, zai sha jijjiga.

A cikin wannan akwati dai ka sa a haɗo maka kayan gyara, domin turo su daga baya ya fi su tsada. Notocin roba na saiti, sifirin biyu ko uku, sandar ja ta ajiya, ɗan makullin saiti na inci 3/16, da jerin alanki, wato ƙananan makullan kusoshi masu kusurwa shida, na ma'aunin inci. Wannan na ƙarshe kada ka manta da shi: jitocin Amurka da inci aka ƙera kusoshinsu, makullan kasuwarmu kuwa galibi na milimita ne, kuma makullin da bai zauna daidai ba cinye kan kusa yake yi. Sai tsirkiyoyi jeri da yawa, da ƙarin ta 3 mai kaurin .011, wadda ta fi kowace tsinkewa saboda feda B ba ta barin ta ta huta.

Mataki na biyar: ranar da ta iso

Buɗe akwatin a ɗaki, a inuwa, ka bar ta ta huce. A kife za ka same ta, ƙarƙashinta na kallon sama. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotonta da salula daga kowane gefe, yadda kowace sanda da raminta za su fito. Ɗaura ƙafafu huɗu tana nan a kife, ka sa allon fedoji a ƙafafun gaba, ka maƙala sandunan feda bisa lambobinsu, sannan ka ɗago ta ka juya.

Saiti yana da jeri. Fara da tsirkiyoyi a buɗe, daga makullan hagu. Bayan nan ka taka feda, ka saita sautin da ta kai da notin roba a gefen dama. Idan ka ga kana ta ɗaure noti, sautin buɗe kuma yana gudu, to ka wuce gona da iri: notin ya danne yatsa tun ba a taka feda ba. Kwance shi har ka ji ɗan sako-sako, ka sake saita buɗe, ka dawo. Dole a sami wannan ɗan sarari a kowace sanda.

Ina roƙonka, ɗan'uwa, ka bar tsarin yadda ya zo na wasu makonni. Tazarar tsirkiyoyi da nisan tafiyar feda za su bambanta da abin da ka saba, kuma da farko za ka ji kamar ka koma baya. Gyara tsayin feda da kusurwar liba su dace da jikinka, sauran kuwa ka jira.

Ƙura, zafi da kuran

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan kaya a garinmu. Yafa mata zane duk lokacin da ka tashi, ko na minti goma ne. Mai kuwa kaɗan ake sa wa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a tsakanin yatsun inji da kan ƴan tayoyin da tsirkiya ke bi a hagu, ka goge ragowar. Mai da yawa idan ya haɗu da ƙurar hunturu laka yake zama, sai feda ta fara makalewa. Idan tsirkiya ta tsinke, nemo ɗan zoben ƙarshenta kafin ka sa sabuwa, domin yakan faɗa cikin inji ya toshe yatsa, mutum ya yi ta neman matsala a wani wuri.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi, saboda haka jitar da ka saita a gida za ta sauya a filin biki. Isa da wuri, ka bar ta ta ɗauki yanayin wurin, sannan ka saita. Kada ka bar ta a rufaffiyar mota da rana.

Fedar ƙara mai gogayya a ciki tana fara ƙaraf-ƙaraf da zarar ƙura ta shige ta, don haka irin ta kamfanin Hilton da ba ta da wannan gogayya ta fi dacewa da nan, sai dai tana buƙatar wuta. Amfilifaya kuma a nemi mai ƙarfi da murya tsaf, kamar Peavey Nashville 112 mai wat 80. Duba bayanta da kyau kafin ka jona: kayan Amurka volt 120 suke ci, kuran ɗinmu kuwa 220 ne. Sai da taransifoma mai sauke wuta, da na'urar daidaita ta a gaba.

Tsohuwar jitar kuwa, idan kana da hali ka riƙe ta har sabuwar ta zauna maka a hannu, don kada kiɗa ya zo kana tsakiyar sauya sanduna. Bayan nan ka sayar wa wani ƙane mai son koyo, ka haɗa masa da takardar tsarinta da jerin tsirkiya ɗaya, ka kuma zauna da shi ka nuna masa yadda ake saita notocin roba.