Yadda ake lissafin sauyin entalfi da misalin dutsen Ashaka

Wanda ya saba bin hanyar Bajoga ya san tirelolin simintin Ashaka. A tanderun masana'antar ana gasa dutsen farar ƙasa, CaCO₃, kuma da zafi ya kai wajen digiri 900 na Salsiyos sai ya rabu gida biyu, CaO da iskar CO₂. Da wannan nake buɗe wa ɗalibaina na Gombe darasin entalfi, domin abu ne na gida.

Sauyin entalfi, ΔH, shi ne yawan zafin da sinadarai suka sha ko suka fitar yayin da suke sauyawa, muddin matsin iska bai canja ba.

Da farko rubuta ikwashon ka daidaita shi: CaCO₃ → CaO + CO₂. Wannan daidai yake tun asali. Sai ka duba jadawalin bayan littafinka, ka ɗauko entalfin samuwar kowane sinadari, wato zafin da ake sha ko fitarwa wajen samuwarsa daga sinadarai tsantsa, a kJ (ma'aunin zafi) kan kowane mol (ma'aunin yawan sinadari). Na CaCO₃ −1207 ne, na CaO −635, na CO₂ −394. Sinadari tsantsa, wato wanda ƙwayoyin zarrarsa duk iri ɗaya ne, a halinsa na asali, kamar O₂, sifili ne. In akwai lamba a gaban sinadari, misali 2H₂O, ninka nasa sau biyu kafin ka ci gaba.

Yanzu tara na waɗanda suka fito: −635 da −394 sun zama −1029. Daga nan ka ɗebe na abin da ya shiga:

ΔH = −1029 − (−1207) = +178 kJ kan kowane mol.

Nan ne wurin da nake roƙon ka nutsu. Ina jin takaicin ganin yaro ya gane darasi sarai, amma ya zubar da maki a WAEC don ya manta da baka biyun da ke kewaye −1207. Ɗebe lamba mai alamar ɗebewa tarawa ce. Sa baka biyun kullum, ko da sauri kake.

Kada ka bar amsa ba alama. Alamar tarawa na nufin dutsen ya sha zafi, shi ya sa tanderu ke cin makamashi dare da rana. Da alamar ɗebewa ce ta fito, to zafi aka fitar, kamar gawayi a murhu.

Ginshiƙin hanyar nan dokar Hess ce ta 1840: ko ta ina aka bi, muddin mafari da maƙura ɗaya ne, ΔH ba ya canjawa. Gwada ƙona iskar gas ta CH₄: CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. Na CH₄ −75 ne, na ruwa, H₂O, −286. Ka tuna H₂O biyu ke fitowa, amsarka ta zo −891.