Darasi na Bakwai: Gyaran Shago Ya Yi Kama da Garinsa

Ranar da mutum ya karɓi makullin sabon shago, abin da yake tararwa bango huɗu ne da ƙofar ƙarfe, sai ƙura da saƙar gizo-gizo. Da yawa daga nan sai su kira kafinta, su nuna masa hoto a waya, su ce, "Yi mini irin wannan." Hoton kuwa na wani kanti ne a Dubai, mai gilashi ko'ina da na'urar sanyaya ɗaki. Idan an gama aiki aka ɗauke wuta, shago ya koma tanda. Tsohuwar da ta zo sayen yadi ta leƙo, ta ga ƙasa tana ƙyalli, ta rasa inda za ta ajiye takalminta, ta wuce gaba. Kayan aro ba ya rufe katara.

A wannan darasi za mu ɗauki shago mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12, wanda za a sayar da yadi da huluna da turare. Mai sayar da wani abin daban ya sauya abin da ya dace da sana'arsa.

Awo kafin komai

Kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka auna. Ka ari tef wurin kafinta ko tela. Inci 12 ne ƙafa ɗaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da mita suke aiki, su riƙe cewa ƙafa 3 ta kusa mita ɗaya, kaɗan ya rage. Ka auna kowane bango, da faɗin ƙofa, da tsayi daga ƙasa zuwa rufi, ka rubuta a littafinka. Sannan ka zana shagon a takarda kamar kana leƙensa daga sama.

Bayan takarda sai ƙasa. Ka ɗauki alli ko gawayi ka zana wurin kanta da wurin benci a daɓen shagon. Ka kira mutum biyu su shigo su gitta juna. Idan sai sun goge kafaɗa, hanyar ta yi ƙunci. A bar mata ƙafa 3 ko fiye. Goge alli ba ya cin ko kwabo, amma cire katakon da aka riga aka kafa asara ce.

Wurin zaman baƙo

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne shagon Bahaushe ya bambanta. Ku tuna zaure. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. A zaure yake yin sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa, kafin a shiga maganar da ta kawo shi. Ciniki ma haka yake. A Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har gobe za ka ga rumfa ƙarama cike da kaya, amma ba a rasa ɗan gefen da mai saye zai ɗosana. Wanda ya zauna ya fi wanda ke tsaye daɗewa, kuma tayi da ragi ba a yin su da gaggawa.

Saboda haka ka ware ƙafa 3 na gaban shago, daga bakin ƙofa, su zama zaurenka. Benci ɗaya a jikin bango, ko dakali idan mai ginin ya yarda a gina. A shimfiɗa tabarmar kaba a kai. A ajiye randa ƙarama ko kula ta ruwan sha, da buta a waje. Idan mata ne suka fi zuwa, a sa wurin zamansu ya ɗan karkata daga idon masu wucewa, ko da labule mara nauyi ne. Mace ba ta sakewa ta zaɓi kaya idan 'yan majalisar bakin titi suna kallonta.

Wani zai ce wurin da benci ya cinye ai da an jera kaya. Ni dai ban taɓa ganin bencin shago ya yi zaman banza ba.

Kanta da jere

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya bayan 'yan jere sun gama aiki ya ga darasin nan da idonsa. Manyan kwanoni a ƙasa, ƙanana a sama, launi na bin launi, abin da ya fi kyau yana daidai inda ido zai fara sauka. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Haka za ka jera kayanka. Idan kana da yaya ko gwaggo mai hannun jere, ka gayyato ta ranar farko.

Ga yadda za ka yi magana da kafinta. Falankin filawud ɗaya faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8. Idan aka tsaga shi a tsaye gida huɗu, za a samu allunan kanta huɗu, kowane faɗinsa kusan ƙafa ɗaya, don zarto yana cin ɗan kaɗan. Allon ƙasa ya tashi inci 6 daga daɓe saboda danshin damina da ruwan shara. Kayan da ake nema kullum kada su wuce tsayin ƙafa 6, inda hannu ke kaiwa ba tare da hawa kujera ba. Teburin ciniki ya kai tsayin ƙafa 3, a sa masa aljihu mai makulli.

Kafinta zai zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "Alhaji, akwai mai sauƙi, akwai mai kyau." Ka ce ya kai ka ka gani. Ka ɗaga katakon. Ɗanye ya fi nauyi, kuma da hunturu ya busa zai lanƙwashe ya tsage. Ka nemi busasshe, a shafa masa maganin gara kafin a kafa, musamman ƙafafun da ke taɓa ƙasa. Ku rubuta yarjejeniya: allo nawa, kuɗi nawa, kafin alƙalami nawa, wace rana za a gama. Amfanin zuwa aji ke nan.

Bango ɗaya ya isa

Maginanmu na da sun iya ado. Da tubali suke gini, su yi rufi da azara ta giginya, su ɗaga bakan gizo a cikin soro, su kafa zanko a saman katanga. Makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa tana kare yaɓe daga ruwa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ƙasa ya yi aikin da har yau masana gini ke zuwa kallo. Wanda ke Kano ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai. Wanda ke Damagaram ya zaga unguwar Birni ya dubi fuskokin gidaje.

Shagonka na bulo ne, ba a ce ka rushe ba. Zaɓi bangon da ke fuskantar ƙofa kawai. Magini ya yi masa yaɓen siminti mai ɗan kauri, tun yana ɗanye ya fitar da zane. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana wannan aiki da guntun cokali da ɗan yatsa, yana jan layin dagi ba tare da ya ɗaga hannu ba, har bakin zaren ya koma inda ya faro. Idan babu mai wannan hannu a kusa, mai fenti ya zana. Launi uku sun wadatar: jar ƙasa, fari, da shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata. Sauran bangaye a bar su fari, don kayan sayarwa su fito.

A kan bangon a rataya faifai uku ko biyar, ko ƙwarya mai zane. A sa kwalaben turare cikin ƙaramin kwando, huluna kuma a kifa su a kan kan-hula na icce. Kada a cika. Idan ado ya yi yawa, mai shigowa zai fara tambayar kuɗin faifai ya manta da yadi.

Haske da iska

Kun lura mai sayen shadda yakan ɗauke ta ya je bakin ƙofa ya ɗaga? Launin gaskiya yake nema. Ka sa masa farin ƙwan lantarki a saman teburi, don ƙwai mai ruwan ɗorawa yana sauya launi. Amma kada rana ta riƙa dukan yadi kai tsaye, za ta koɗar da shi. A yi rumfa a gaba, ta kwano ko ta zana. A buɗe 'yar taga a can saman bangon baya, a sa mata raga da ƙarfe, zafi ya samu hanyar fita. Wayar wuta kuwa a kira mai sana'ar, kuma kaskon turaren wuta ya yi nesa da yadi.

Allon suna a rubuta shi da boko da ajami, manyan baƙaƙe, a zana hula ko turmin atamfa a gefe don wanda bai fara zuwa aji ba tukuna.

Aikin gida

1. Auna ɗakinka ko shagonka, ka zana shi a takarda, ka nuna wurin ƙofa da wurin benci.
2. Kana son allunan kanta 12, kowane tsawon ƙafa 8. Falanki nawa za ka saya?
3. Shago mai tsawon ƙafa 12, an ware ƙafa 3 don zaman baƙi. Ƙafa nawa suka rage?
4. Zaga unguwarku ka nemo gida ɗaya mai zanen gargajiya. Kwaikwayi zanen a littafinka, ka tambayi wani dattijo sunansa, ka zo mana da shi ranar aji mai zuwa.